Iyayenta Na Raye, Amma Wa Zai Ɗauki Nauyinta?

A ƙauyukan arewacin Jigawa, tun daga wajen Gumel da Gagarawa har bakin iyaka a Maigatari, babu watan da ke yi wa talaka tsawo kamar Agusta. Gonaki sun yi kore shar, gero ya fara fid da kai, wanda ya wuce a mota sai ya ɗauka ƙasar a ƙoshe take. A cikin gida kuwa rumbu ya daɗe da komawa fanko. Hatsin bara ya ƙare tun saukar damina, na bana bai nuna ba. A wannan tsakanin ne ake gane gidan da ke da mai leƙo shi, da gidan da ba shi da kowa sai Allah.

A irin gida na biyun nan yarinyar take. Shekararta bakwai, ko da yake ba takarda ce ta faɗi haka ba, uwarta ce ke ƙirga daminu. Ba zan kama suna ko in nuna ƙauye ba, don ba gida ɗaya nake nufi ba. Duk wanda ya taɓa kwana a karkarar ƙasar Hausa, ta Katsina ce ko ta Sakkwato, ta Maraɗi ko ta Damagaram, ya san gidan: dangar kara, ɗaki biyu na ƙasa, turmi a tsakar gida, da akuya ɗaya a turke wadda ita ma kiwo aka ba su. Ya kuma san yarinyar.

Tun ba a fito daga sallar asuba ba Inna ke taɓa ƙafarta: "Ke, tashi ki ɗauki bokiti kafin layi ya yi tsawo." Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ne a garin, ranar da ya lalace sai rijiya. Sai ta yi sawu uku ko huɗu randa ke cika. In an yi sa'a tuwon jiya ya yi saura, a yi ɗumame. In babu, a dama koko tsararo ba sukari, kowa ya kurɓa. Daga nan ta ɗauki allo ta tafi wajen malam ta biya karatu, ta dawo ta karɓi goyon ƙaninta, domin Inna za ta tafi dakau gidan masu hali, inda ladan wuni bai wuce 'yar tsaba a kwano da dusar da za a ba akuya ba. Da hantsi ita da ƙawayenta su bi gefen gonaki suna tsinkar tafasa da yaɗiya da rama. Ganyen nan, in an dafa an kwaɗanta da ɗan ƙuli-ƙuli da gishiri, shi ne abincin rana. Tukunya ba ta sake hawa murhu sai Baba ya shigo da yamma da abin da ya samo.

Mutumin nan ba malalaci ba ne, kuma yana da gona, gadon da aka yi ta rabawa tsakanin 'yan'uwa har kason kowa ba ya ciyar da gida fiye da rabin shekara. Da hatsi ya ƙare sai ƙwadago: ya yi wa wani noma daga safe zuwa la'asar a ba shi kuɗin awon ranar. Kwanakin da yake duƙe a gonar wani su ne kwanakin da ciyawa ke cin tasa. Takin zamani kuwa ya fi ƙarfinsa. In ciwo ya shigo gida, ya je wajen mai shago ko dillalin hatsi ya ci bashi, da alkawarin biya da kaka. Ya karɓi hatsi lokacin da yake wuta, ya biya lokacin da ya faɗi warwas, saboda haka kafin ya ɗaure damin ƙarshe wani kaso mai tsoka na amfanin gonar ya riga ya zama na wani. Ana gama girbi ya ɗaura 'yar jakarsa ya tafi cin rani Kano ko Legas ko Fatakwal, ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce, ya aiko da abin da ya sawwaƙa. Baɗi a sake. Ka tambaye shi ya gida, ya ce maka, "Alhamdu lillahi, sai godiya."

Gidaje irin nasa ba kaɗan ba ne. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talaucin da ya haɗa rashin abinci da lafiya da ilimi da muhalli, kuma a karkara mutum 72 ne cikin kowane 100. An yi wannan lissafi tun kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce dubu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100. Ma'aikacin birni ya yi kuka, an ji kukansa. Mai ƙwadago a ƙauye bai yi wata magana ba, abinci kawai ya rage a gidansa.

Ciwon damina

Damina ce ke kawo sauro, kuma ta kan tarar da yara jikinsu ba ƙwari. Yarinyar ta riga ta wuce shekarun da masu bi gida-gida ke ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kowane wata da damina, domin na 'yan ƙasa da shekara biyar ne. In zazzaɓi ya kama ta, a fara da jiƙon ganye, sannan a je kemis a sayo ƙwayoyi gwargwadon kuɗin da ke hannu, ba gwargwadon ciwon ba. Asibiti sai ta kai ga suma, don kuɗin babur ɗin da zai kai su ya kusa awon kwana biyu.

Ƙanin da take goyo shi ya fi ban tsoro. An yaye shi da wuri saboda Inna ta sake samun ciki, ya koma kan koko da tuwon dawa da miyar kuka, ba madara ba ƙwai ba kifi. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya kuka da ƙarfi. Ranar awo ma'aikaciyar lafiya za ta zagaya wani ɗan tsiri mai launi uku a damtsensa. In ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, sai a rubuta masa ledojin abincin nan na gyaɗa da madara. Kowa a garin ya san abin da ke faruwa da ledojin a gidan da ake kwana da yunwa: uwa ba za ta iya kallon sauran 'ya'yanta suna haɗiyar yawu ba, sai ta ɗan lakata wa kowa. Wanda bai taɓa tsayawa a inda ta tsaya ba kada ya yi saurin zarginta.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano yara 57 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a arewa maso yamma sun tsumbure, a Jigawa ma abin ya kai 64. Tsumburewa ba gajarta kaɗai ba ce. Yunwar da ta samu yaro daga cikin ciki zuwa cikarsa shekara biyu tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya a mayar da shi. Wasu ma ba sa kaiwa ga tsumburewar. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina kaɗai cikin wata shidan farkon shekarar, saboda tamowa.

Makarantar da ba a biya, amma ba a iya zuwa

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. An rubuta sunan yarinyar a firamaren ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, tana kuma son zuwa. Amma ko ba a karɓi kuɗin makaranta ba, akwai yunifom, akwai takalmi, littafin rubutu da fensir, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin jarrabawa ƙarshen zango, da kuɗin tara, don yaron da ya sha koko tsararo da asuba ba ya fahimtar lissafi da hantsi. In ka lissafa su ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, amma gidan da ke awo kullum, duka tare sun fi ƙarfinsa. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, na naira 70 kan kowane yaro a rana, da duk 'yan matsalolinsa ya cika azuzuwa a ƙauyuka da dama. An dakatar da shi a farkon 2024.

Sannan akwai asarar da gida ke yi in ta tafi makaranta, wadda ita ce masu tsara manufofi ba su cika sawa a lissafi ba. Wa zai ɗebo ruwa, wa zai yi goyo, wa zai ɗauki farantin gyaɗa ko awara ya zaga gari? Tallar nan ita ce jarin Inna, da ita take sayen gishiri da daddawa da sabulu, da ita take zubin adashin da wata rana zai zama kayan ɗakin yarinyar. Shi ya sa ranar kasuwa aji ke zama rabi. Yau ta je, gobe ba ta je ba, har a kai aji uku ba ta iya karanta sunanta, uba ya duba ya ce, "To me ake koya musu?" Wani lokaci ma yana da gaskiya, don makarantar da malami biyu ke riƙe da aji shida, yara zaune a ƙasa, ba ta da abin da za ta nuna masa. A haka ake tara miliyoyin nan da ake ta ambata: UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, UNESCO kuma a 2022 ta ce sun kai miliyan 20 in an haɗa da masu shekarun sakandare.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne yarinyar ba ta cikin jerin kowa. Da marainiya ce, da akwai inda za a kai sunanta. Al'ummarmu, don Allah a yaba mata, tana da tausayin maraya. Addini ya kwaɗaitar da kula da shi, kuma duk azumi da sallah ana ganin ƙungiyoyi na raba wa marayu kaya da abinci. Wannan kuwa iyayenta na raye, da ƙafafunsu, sai a ce ai tana da uba. Uban kuma ba zai roƙa ba, domin mutuncinsa shi ne kaɗai abin da bashi bai cinye ba. Tsakanin kunyarsa da rashin lurarmu yarinyar ke faɗawa.

Riƙo, jiya da yau

Ba wai Bahaushe bai san ɗaukar nauyin ɗan wani ba. Riƙo tsohuwar al'ada ce: gwaggo ko kawu ko kaka ta ɗauki yaro tun daga yaye, ta ci da shi ta sha da shi har ta aurar. Baba ta Karo, matar nan da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haifi nata ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi ta girmar da su. Ɗa na kowa ne, haka aka ce, kuma a da haka ake yi.

Yau kuwa sau da yawa in an ce za a "ɗauki" yarinya daga ƙauye, aikatau ake nufi. Dillaliya ta zo ta ce wa Inna akwai wata Hajiya a birni mai neman 'yar taya aiki, za a sa ta makaranta, za a riƙa aiko da kuɗi duk wata. Kuɗin yakan zo, wani lokaci bayan dillaliya ta cire nata. Makarantar ce ba a cika gani ba. 'Yar shekara tara ta wanke kwanuka, ta goge takalman 'ya'yan gida, ta tsaya bakin ƙofa tana kallo ana kai su makaranta a mota. Akwai gidajen kirki da ke cika alkawari, Allah Ya saka musu, amma duk wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san wanne ya fi yawa. Yayan yarinyar tamu kuwa tuni aka haɗa shi da wani malami zuwa gabas. Uban zai ce neman ilimi ne, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa, sai dai ba zai musa ba cewa baki ɗaya ya ragu a kan tukunya. Duka hanyoyin biyu suna rage wa gida nauyi ne ta raba yaro da uwarsa, a shekarun da ya fi bukatarta.

Turawa sun zo da nasu salon. A 1937, lokacin yaƙin basasar Sifaniya, wani ɗan jaridar Ingila, John Langdon-Davies, ya shiga cikin waɗanda suka kafa shirin haɗa yaro ɗaya da mai taimako ɗaya, shirin da ya zama Plan International. Daga baya World Vision da Compassion International da ActionAid suka bi sahu: mutum a Turai ko Amurka ya riƙa ba da wani abu kowane wata, a aiko masa da hoton yaron da wasiƙa. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya bibiyi manyan da Compassion ta ɗauki nauyinsu suna yara a ƙasashe shida, ciki har da Uganda da Kenya da Indiya, ya gano sun fi takwarorinsu daɗewa a makaranta da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma sun fi samun aikin albashi. Masu binciken sun ga ba kuɗin kaɗai ya yi aiki ba: yaron da ya san akwai wanda ke bibiyar karatunsa shekara da shekaru yakan fara ganin kansa a matsayin wanda zai zama wani abu. Tsarin yana da aibinsa. Fifita yaro ɗaya a cikin gida ko gari na haifar da ƙyashi, yawo da hoton talaka don tara kuɗi kuma yana zubar da mutunci, shi ya sa da yawa daga cikin ƙungiyoyin suka koma zuba kuɗin a kan abin da zai amfani garin baki ɗaya, kamar rijiya da aji da ɗakin shan magani.

Ba ma sai mun je nesa ba. A ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa, da Anka da Tsafe a Zamfara, an gwada wani shiri tsakanin 2013 da 2019, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ta hannun Save the Children da Action Against Hunger. Ana ba mace naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har yaron ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Masu cewa za a ɓarnatar ko maza za su ƙwace ba su ga abin da suka zata ba. Kuɗin ya tsaya a hannun matan, akasarinsa ya tafi ga abinci, wasu suka ja jari suka sayi awaki, tsumburewar yara kuma ta ragu. Wannan ya isa hujja cewa uwar ƙauye ta san abin da ɗanta ke bukata. Hannunta ne babu komai.

Don haka a ganina ɗaukar nauyin da zai yi amfani shi ne wanda ya bar yarinya a ɗakin uwarta, kuma ya ɗore. Buhun shinkafa da azumi da atamfar sallah alheri ne, amma ba su kai yaro aji shida. Abin da ke kai shi shi ne ɗan abu kaɗan da ba ya yankewa: a ɗinka yunifom farkon shekara, a sayi littattafai a miƙa ta hannun hedimasta, a ba Inna abin da zai maye gurbin ribar talla, a tanadi buhun gero tun da kaka yana araha a ajiye musu sai Yuli, a bar lambar waya wajen wani amintacce saboda daren da zazzaɓi ya tashi. A kuma riƙa tambaya. Mai ɗaukar nauyin da ke kira ƙarshen zango ya ce, "A ba ni 'yata in ji na nawa ta zo," ya yi abin da kuɗi kaɗai ba zai yi ba. Kada kuma a manta da ƙaninta da ke goye, don shi ne lokacinsa ke ƙurewa. Hoto kuwa a bar shi. Ba daidai ba ne a tsayar da yarinya da leda a hannu a watsa ta a Facebook. Za ta girma, za ta yi aure a garin, kuma mutane ba sa mantuwa.

Hanyar kuɗin ma muna da ita. Zakkar amfanin gona, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ana fitar da ita a ƙauyukan nan duk kaka, kuma jihohi irin su Sakkwato da Kano da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi. Da ana ware wani kaso domin riƙe takamaiman yara a makaranta shekara bayan shekara, maimakon a watsa shi rana ɗaya, da an ga bambanci. Haka ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda ke iya tara miliyoyi don taron naɗin sarauta.

Wannan bai sauke wa gwamnati nauyinta ba. Ba mai taimakon da zai iya ɗaukar malamai ko ya kori 'yan bindigar da suka hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, kuma abin takaici ne a ce biliyoyin naira na zaune a asusun hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Sai dai 'yar shekara bakwai ba za ta iya jiran a gyara gwamnati ba. Nan da shekara bakwai ko takwas maganar aurenta za a fara.

Mai karatu, in kana da albashi ko shago ko sana'ar da ke rufa maka asiri, to kana da ƙauye, ko naka ko na mahaifinka. Kafin a koma makaranta a watan Satumba, ka je, ko ka kira hedimasta da liman da mai unguwa, ka tambaye su wane gida ne yaransa suka daina zuwa makaranta alhali iyayen na raye. Ba za su yi dogon tunani ba. Ka ɗauki yaro ɗaya, ka zauna da ubansa cikin sirri da girmamawa, ka faɗi abin da za ka iya, ko kaɗan ne, ka kuma riƙe alkawarin har ya gama ƙaramar sakandare.